Motar Baba tana da littafi, karenmu ba shi da ko kati



Makon jiya wata mata ta shigo kantin maganin da nake aiki, riƙe da hannun ɗanta wanda bai wuce shekara shida ba, ta ce a ba ta allurar tetanus da kafso. Na tambaye ta me ya same shi. Ta yi jim, ta waiga ta ga ko akwai mai sauraro, sannan ta ce ƙasa-ƙasa, "Karen maigadinmu ne ya ɗan yage shi a ƙafa, ba wani abu ba ne." Kwana biyu ke nan da cizon. Na ce me aka yi wa ciwon? Ta ce direbansu ya zuba masa man birki, jinin ya tsaya.

Ina jin ta ambaci man birki sai gabana ya faɗi. Rabona da jin an haɗa shi da cizon kare tun ina 'yar shekara tara a Michika.

A can na tashi. Aikin gwamnati ne ya kai mahaifinmu tun kafin a haife ni, muka zauna cikin mutanen Kamwe, a gindin duwatsun Mandara da suka raba mu da Kamaru. Wanda bai taɓa zuwa ba, gari ne na manoma da 'yan kasuwa, mutanen da suka iya jera duwatsu a jikin tsauni su fitar da gonar dawa inda wani zai ce ko ciyawa ba za ta yi ba. A kasuwa za ka ji yaren Kamwe da Fulatanci da Hausa a rumfa ɗaya. A irin wannan gari kusan kowane gida da ke bakin daji yana da kare, saboda gona, saboda awaki, saboda ɓarayi, kuma ba wanda yake ganin abin a matsayin wani labari.

Abu biyu ne suka sa aka san gidanmu a layin: motar Baba da karenmu Duna.

Motar Peugeot 504 ce, wadda kowa ke kira Fijo, doguwar nan mai kujeru layi uku, fara. Irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kakuri da ke Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975. Baba ya saye ta hannu na biyu, ta riga ta sha duniya, amma idan ka ga yadda yake kula da ita sai ka ɗauka amarya ce. Kowace safiya kafin ya karya sai ya ɗaga bonet, ya duba ruwan lagireto, ya zaro sandar auna baƙin mai ya goge ta da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya ƙura mata ido. Ya zaga ya daddanna tayoyi da ƙafa. Ya tayar da ita ya bar ta tana ɗumi, mu kuma muna tsaye da kayan makaranta muna shaƙar hayaƙin salansa, muna jin kamar mun fi kowa gata a duniya.

Kujerar can baya ita ce daular yara. Ni da ƙanwata da Autanmu a nan muke cunkushewa, tare da kwandon abinci, wani lokaci har da kaza a ɗaure. Babu bel, babu kujerar yara, ba mu ma san da su ba. Idan an yi hutu za a je Yola, tun asuba ake fita: Bazza, Uba, Mararrabar Mubi, Hong, Gombi, Song, sannan a haye gadar Binuwai a shiga Jimeta da rana tsaka. A Gombi ake tsayawa a bar injin ya huce, a saya mana rake ko dafaffen ƙwai. Shekarun nan na 1997 da 1998 lokacin wahalar fetur ne, don haka kullum akwai galan a but, motar tana warin mai, Mama tana faɗa tana cewa wata rana sai mun kama da wuta. Ta fi Baba gaskiya, sai dai Allah Ya tsare.

A ƙaramin akwatin da ke gaban kujerar mai zaman banza akwai wani littafi mai jan bango. A ciki Baba yake rubuta komai da biro: ranar da aka yi juye, ranar da aka canza fulogi, ranar da aka sa sabon fanbel, kuɗin da bakanike ya karɓa, ranar da lasisi da inshora za su ƙare. Bai taɓa barin takardun motar nan su mutu ko da kwana ɗaya ba.

Duna kuwa wani manomi ne ya ba Baba shi yana ɗan kwikwiyo, bayan an taɓa shigo mana gida an kwashe buhunan wake. Baƙi ne wuluk, da ɗan fari a ƙirji, irin karnukanmu na gida masu tsayayyun kunnuwa. Ba ya shiga ɗaki, ba ya zuwa inda ake sallah, yana da tasa kwaryar daban a bayan gida, Mama ta tsare wannan doka. Wurin kwanansa ƙarƙashin Fijo. Ya san ƙarar injin ɗinta tun daga kan kwana, kafin kowa ya ji sai ka ga ya miƙe ya nufi ƙofa yana kaɗa wutsiya, mu ma sai mu san Baba ya dawo, a yi maza a ɓoye ɓarnar da aka yi. Har ya zama kafin a tayar da mota sai an leƙa ƙasa an kore shi. Shekara huɗu yana gadinmu, ba a sake ɗauke mana ko tsinke ba. A tsawon waɗannan shekaru ba a taɓa yi masa allura ba. Ba mugunta ba ce, bai taɓa faɗo wa kowa a rai ba.

Wata ranar da yamma cikin rani, muna wasa a tsakar gida, ƙofa a buɗe, sai ga wani baƙon kare ja ya faɗo. Yana tafiya yana tangaɗi, bakinsa na dalala, bai yi haushi ko sau ɗaya ba. Kai tsaye ya nufi Auta, wanda lokacin yake shekara biyar, ya kama shi a sha-raɓa. Duna ya fito daga ƙarƙashin mota ya afka masa, suka yi ta kokawa har baƙon ya saki yaron ya fice. Samarin unguwa suka bi shi da sanduna suka kashe shi a bayan gari, suka jefa a rami. Daga baya muka ji cewa kafin ya shigo gidanmu ya ciji wani yaro ɗan maƙwabtanmu a hannu, ɗan ajinmu, ciwo ƙarami kamar an soka masa ƙaya.

Gida ya cika da masu ba da shawara. Wani ya ce a je a yanko gashin karen a ƙona a shafa. Wata ta ce barkono da toka. Wani direba ya riga ya ɗauko gwangwanin man birki daga but ɗin motarmu. Mama ce ta ture hannunsa, ta ɗauki Auta ta kai shi bakin randa, ta sa sabulun wanki ta yi ta wanke ciwon, ƙanwarta na zuba ruwa da buta, yaro na tsala ihu. Ba karatu ne ya gaya mata ba, ƙyanƙyamin yawun kare ne kawai. Sai da na shiga jami'a na gane cewa a wannan yammacin ta yi abin da littattafanmu suka sa a layin farko.

Washegari da sassafe Baba ya sa Auta a mota suka tafi Mubi. An wanke ciwon, an yi masa allurar tetanus, amma aka ce allurar haukan kare babu. Wani ma'aikacin lafiya ya ja Baba gefe ya ce masa, "Alhaji, in kana son ɗanka kada ka koma gida, wuce Yola." Da galan ɗin nan na but da wanda ya saya a hannun 'yan bumburutu da tsadar gaske suka kai. Can ma sai da suka zaga wurare kafin a samu. Aka yi masa ta farko a damtse, Baba ya sayi sauran huɗun da kuɗin da ya tara don sayen tayoyi, ya zuba su a kular abinci cike da ƙanƙara, ya ɗora a kujerar gaba, ya juyo gida cikin dare da tayoyin da suka suɗe. Yau da nake wannan sana'a na san bai kamata kwalbar allura ta kwanta kai tsaye a kan ƙanƙara ba, sanyi ake so tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba daskarewa ba. Na taɓa gaya masa haka, ya yi dariya ya ce to ai ga Autan nan har da gemu.

Ɗan maƙwabtanmu ba a kai shi ko'ina ba. An shafa masa gashin kare, ciwon ya warke cikin mako ɗaya, ya ci gaba da zuwa makaranta, muna cin gyaɗa tare. Har wasu suka fara cewa Baba ya yi asarar kuɗinsa a banza. Bayan kamar wata biyu ya fara zazzaɓi, yana cewa hannun yana masa ƙaiƙayi da zugi a daidai tabon. Kwana biyu bayan nan ko kofin ruwa aka miƙo masa sai ya firgita, maƙogwaronsa ya shaƙe, ga ƙishirwa tana cinsa. Aka ce iska ce, aka yi ta turare da tofi. A motarmu aka ɗauke shi zuwa asibiti, a kujerar baya inda muke zama. Bai dawo ba. An hana mu yara zuwa gidan, amma muna jin kukan mahaifiyarsa ta kan katanga.

Duna kuma ya samu raunuka a wuya da kunne a wannan faɗa. Malamin dabbobi ya zo ya tambayi Baba katin allurarsa. Babu. Ya ce da an taɓa yi masa rigakafi da sai a ƙara masa wata a sa masa ido, amma kare da ba shi da kariya, wanda mahaukacin kare ya yi wa irin wannan rauni, zaɓi biyu ne: a kulle shi watanni ba tare da kowa ya taɓa shi ba, ko a kashe shi. A gida mai ƙananan yara uku Baba bai ga yadda za a yi na farko ba. Aka tura mu gidan ƙawar Mama, da muka dawo ƙarƙashin mota babu kowa. Da daren nan na ga Baba zaune a cikin Fijo shi kaɗai, littafin nan mai jan bango a hannunsa, bai kunna fitila ba.

Ciwon haukan kare ƙwayar cuta ce ta bairas da ke cikin yawun dabbar da ta kamu. Idan ta shiga ta cizo, ko yagi, ko lasar wurin da fata ta fashe, ba ta bin jini kamar zazzaɓin cizon sauro. Jijiyoyi take bi a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ciwon waje zai warke tas, mutum ya manta, alhali tana kan hanya. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku, amma tana iya bayyana cikin mako ɗaya, tana kuma iya kai shekara. Cizon da ke kusa da kai, kamar fuska da wuya, ko a yatsun hannu inda jijiyoyi suka yi yawa, ya fi saurin kaiwa. Da zarar alamu sun fito, kusan babu mai tashi. Babu maganin da zan iya miƙo wa kowa daga kan kanta a wannan mataki, kuma wannan na cikin abubuwan da suka fi ci mini rai a aikina, domin kafin alamun su fito ana iya tare cutar kusan ɗari bisa ɗari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya. Kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kare ne sanadin har kashi 99 cikin ɗari na masu kamuwa. Dalilin yawan yara a bayyane yake: su ke wasa da kare, su ke jifansa, tsayinsu ya sa cizon kan same su a fuska, sannan sukan ɓoye don tsoron duka. Allurar kuwa ba sabuwa ba ce. Tun watan Yulin 1885 Louis Pasteur ya gwada ta a Faransa kan wani yaro ɗan shekara tara mai suna Joseph Meister, ya rayu. Ranar da Pasteur ya rasu, 28 ga Satumba, ita aka ware duk shekara don tunawa da yaƙi da cutar, kuma duniya ta sa wa kanta wa'adin 2030 na ganin babu wanda ya sake mutuwa ta dalilin cizon kare. Idan na dubi yadda mutane ke shigowa kantinmu suna neman kafso, ina shakkar za mu cika wannan wa'adi.

Abin da na gaya wa matar nan shi zan maimaita a nan. Duk wanda kare ya ciza ko ya yaga, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15. A duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo, yaro zai yi kuka, a daure. Kowane sabulu ya yi. Bayan nan a sa aidin ko sifirit in akwai. Man birki, ruwan batir, barkono, toka, gashin kare, duk ba sa kashe ƙwayar, ƙona nama kawai suke yi su ƙara datti. Kada a ɗaure ciwon tam, kada kuma a matsa wa ma'aikacin lafiya ya ɗinke shi a take, sau da yawa barinsa a buɗe ya fi.

Sai a tafi asibiti a ranar. Allurar tetanus tana da amfaninta, maganin kashe ƙwayoyin cuta ma likita na iya rubutawa saboda kada ciwon ya ruɓe, amma babu ɗayansu da ke taɓa haukan kare. Wannan kuskuren ya yi yawa, har a tsakanin masu ilimi: an yi tetanus, hankali ya kwanta. Allurar haukan kare daban take, kuma ba guda ɗaya ba ce. A tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018, ana iya yin ta cikin fata a wuri biyu a ranar farko, da rana ta 3, da ta 7. Ana kuma iya yin ta cikin tsoka a ranar farko, ta 3, ta 7, da ta ƙarshe tsakanin rana ta 14 da ta 28. Wasu asibitocin har yanzu tsarin allura biyar suke bi, irin wanda aka yi wa Auta. Kowanne aka ɗora mutum a kai, ya kammala shi. A damtse ake yi, jarirai a cinya, ba a ɗuwawu ba, domin kitsen wurin yana rage mata ƙarfi. Idan wani ya nufi ɗuwawun ɗanki da ita, ki yi magana. Tsohuwar allurar nan ta ciki da iyayenmu ke ba da labarinta da tsoro an daina ta, ta yanzu ba ta fi sauran alluran rigakafi zafi ba. Mai ciki da mai shayarwa da jariri duk ana yi musu.

Idan cizon ya huda fata har jini ya fita, ko yawun ya shiga ido ko baki, akwai ƙarin wata allura mai suna imunogulobulin, wadda ake tsirawa a cikin ciwon da kewayensa don ta tare ƙwayar kafin jiki ya haɗa tasa garkuwar. Tana da tsada kuma tana wuyar samu a ƙasar nan, ba zan ɓoye ba. A tambaya, ana iya yin ta har kwana bakwai bayan allurar farko. Rashin ta kuma kada ya sa a fasa sauran. Wanda ya makara, ko da makonni ne, muddin alamu ba su fito ba ya je a fara. A matsayina na mai sayar da magani zan ƙara da wannan: a sayi allurar inda ake da firji mai aiki da gaske, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kwalbar da ta kwana a aljihu ko ta wuni a gaban mota cikin zafin Yola ruwa ce kawai.

Shi kuma karen da ya yi cizon, in na gida ne ko an san mai shi, a ɗaure shi a ba shi abinci da ruwa, a sa masa ido kwana 10. Idan ya wuce kwana 10 lafiya lau, to lokacin da ya yi cizon babu cutar a yawunsa, likita na iya dakatar da sauran alluran. Amma ba a zama jiran kwana goman kafin a fara. Abin da muka saba shi ne a kashe shi cikin fushi a jefar, ko mai shi ya yi maza ya sayar da shi ga masu sayen karnuka don gudun rigima, shaida ta tafi, cutar ta koma wani gari. Idan ya mutu ko dole ta sa an kashe shi, a kira ma'aikatan dabbobi, kada kowa ya taɓa gawar da hannu. Ana gwada ƙwaƙwalwarsa a gane gaskiya, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana wannan gwaji, ita ce kuma ke sarrafa allurar rigakafin karnuka a cikin gida.

A wajen masu karen ne nake da magana mai ɗan zafi. Mu a birni muna da wata irin kunya game da kare. Malamai sun yi bayanin halaccin ajiye shi don gadi, ko farauta, ko kiwo, kuma matsalar tsaro ta sa gidaje da yawa sun ajiye. Amma sai a ɓoye shi a bayan gida a ce na maigadi ne. Maigida ba ya son a gan shi a asibitin dabbobi da kare a mota, uwargida ba ta son a ji cewa karen gidanta ya ciji yaro. A cikin wannan kunya ake rasa wanda zai ɗauki nauyinsa. Wanda yake kwana da daɗi saboda haushin kare a ƙofarsa, shi ne mai kare, ko da bai taɓa shafa kansa ba.

Nauyin kuma ba mai yawa ba ne. Ana yi wa ɗan kwikwiyo allurar haukan kare yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, a karɓi kati a adana. Kuɗinta bai kama ƙafar abin da za a kashe wa mutum ɗaya da aka ciza ba. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki rigakafi, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa, don haka allurar karenka kariya ce ga 'ya'yan maƙwabci. A wurare irin Michika abin ya ƙara wuya. Lokacin da 'yan Boko Haram suka mamaye garin a Satumbar 2014, mutane sun gudu da abin da hannu zai iya ɗauka, ba wanda ya tsaya neman kare, kuma ko bayan da sojoji suka ƙwato garin a farkon 2015, gyaran gidaje da gadoji da makarantu ne a gaban kowa. Amma a Kano ko Kaduna ko Yola, inda asibitin dabbobi bai fi kuɗin adaidaita-sahu ba, ban san uzurin da za a kawo ba.

Ana ba kare maganin tsutsar ciki kamar duk wata uku, a riƙa kwashe kashinsa daga inda yara ke wasa da ƙasa, domin ƙwan tsutsar na shiga cikin yaro ta hannu. Masu yanka a gida, musamman da babbar Sallah, su daina jefa wa kare ɗanyen huhu ko hanta mai ƙulli-ƙullin ruwa. Ta nan yake ɗaukar wata tsutsa da ke komawa jikin mutum ta yi masa jakar ruwa a hanta, wadda sau da yawa sai an yi tiyata. A binne irin wannan nama ko a ƙona. Don Allah kuma a daina zuwa kantinmu ana sayen maganin mutane don kare. Ibuprofen na iya huda masa ciki ya lalata ƙoda, paracetamol na illata hanta, kyanwa kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Mafi muni shi ne wanke kare da fiya-fiya ko maganin feshin gona don kashe kaska. Gubar tana shiga ta fata, ta kare da ta yaron da aka sa wankan.

Akwai kuma sabon yayin manyan karnukan waje, irin su Alsatian da Rottweiler da masu gashi buzu-buzu da aka halitta don ƙasashen ƙanƙara. Ana sayen su da kuɗin da ya kai na babur, a kulle a kejin ƙarfe cikin rana, a riƙa hana su abinci wai don su yi zafi. Kare da ya wuni a ɗaure, da yunwa, bai san mutanen gida ba, ranar da ya kuɓuce ba ya bambance ɓarawo da almajiri ko jikan maigida. Yana buƙatar inuwa, ruwa a kowane lokaci, da wanda zai zaga da shi a sarƙa. Wanda ba ya son karyarsa ta yi ta haihuwa ya kai ta likitan dabbobi a yi mata aiki, ya fi a kwashe kwikwiyoyi a zubar a bola su girma ba mai su. A koya wa yara kada su taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa. Idan baƙon kare ya nufo su, su tsaya cik, kada su gudu, kada su zuba masa ido. Mafi muhimmanci, su san cewa idan an cije su suka faɗa, ba za a doke su ba.

Tunda da mota na fara, bari in faɗi wannan in wuce. Kada a bar kare ko yaro a cikin mota a rufe, ko da na shiga banki ne a fito. Cikin minti goma zafin ciki na iya ƙaruwa da kusan digiri goma, kare kuma ba ya gumi kamar mu, da haki yake huce jiki. Tsofaffin motocin da aka jingine a tsakar gida a kulle ƙofofinsu, mun sha jin labarin yaran da suka shiga wasa ƙofa ta ƙi buɗuwa. Al'adarmu ta leƙa ƙarƙashin mota kafin a tayar da ita, wadda Duna ya koya mana, har yau ina yin ta, domin ba kare kaɗai ke fakewa a inuwar mota ba.

Matar nan ta saurare ni tana kallon ƙafar ɗanta. Ta ce, "Anti, ai karen lafiyarsa ƙalau." Na ce Allah Ya sa, amma yana da kati? Ta kira maigadin a waya a gabana. Babu kati, kuma karen yakan fita da dare ya dawo da asuba. Na rubuta mata sunan allurar, na nuna mata asibitin da za ta je, na ce a ɗaure karen a ƙirga kwana goma daga ranar cizon. Ta dawo bayan kwana uku ta nuna mini katin yaron, an yi biyu. Ta ce maigidan ya yarda a kira likitan dabbobi ya zo gida bayan kwana goman sun cika, tunda shi dai ba zai sa kare a motarsa ba. Na ce hakan ma ya yi.

Fijonmu an sayar da ita a 2003 ga wani direba da ya riƙa jigila da ita tsakanin Michika da Mubi, har muka bar garin muna ganin ta tana wucewa da buhuna a sama. Littafin ne Baba bai bayar ba. Bara da na je gaishe shi na same shi a cikin akwatin takardunsa, bangon ya koɗe. Bayan Duna mun sake yin wani kare, kuma daga tsakiyar littafin zuwa ƙarshe, tsakanin ranar juye da ranar sabunta lasisi, akwai layi ɗaya da ke dawowa duk shekara da rubutun Baba: allurar kare, an yi.